Tayil a falo, kafet a ɗaki: wane injin zuƙar ƙura ya dace da gidanku?

Da wuya yanzu a shiga gidan birni a tarar da daɓe iri ɗaya tun daga ƙofa har ƙurya. Falo tayil ne an shimfiɗa ƙatuwar darduma a tsakiya, ɗakin uwargida kafet bango da bango, ɗakin yara leda, kicin da baranda kuma tayil mai kaushi ko siminti. Mai irin wannan gida idan ya je sayen injin zuƙar ƙura, abin da mai shago zai fara nuna masa shi ne lambar wat da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Ku bar wannan lamba tukuna. Ku ce a fito muku da bakin injin, wato kan da ke taɓa ƙasa, ku kifa shi ku duba cikinsa. A nan ake gane ko injin zai yi muku aiki ko kuwa bayan wata biyu za a jingine shi a sito a koma wa tsintsiya.

Dalili kuwa, kafet da tayil ba abu ɗaya suke so ba. Ƙurar kafet tana nutsewa can cikin gashinsa, zuƙa kaɗai ba ta isa ta fito da ita, sai da burushi mai juyawa da zai riƙa bugun gashin yana tayar da yashin. Wannan burushin kuma shi ne matsala a kan tayil. Yana juyawa da gudu, yana watsa tsakuwa da ƙwayar shinkafa ta baya, su riƙa dukan ƙafar mai shara, sannan a hankali ya dusashe ƙyallin tayil mai santsi, ya yi wa leda da daɓen katako zane. Saboda haka gida mai daɓe gauraye yana bukatar ɗaya cikin biyu: ko baki mai maɓallin kashe burushi, ko bakuna biyu da ake sauyawa.

Baki mafi sauƙi shi ne mai ɗan feda da ake takawa da ƙafa. Idan an taka, gashin burushi marar juyawa ya sauko don tayil. An sake takawa, ya koma ciki don kafet. Ba shi da mota, babu bel ɗin da zai tsinke, kuma ya wadatar ga tayil da darduma mai gajeren gashi. Sai wanda iskar injin ke juya burushinsa, ana ce masa tabo. Ya fi na farko a kan kafet, amma da ya hau mai kauri sai juyawar ta yi sanyi. Na uku yana da 'yar motarsa a ciki, shi ne gwanin kafet mai zurfin gashi, shi ne kuma ya fi tsada. Akwai kuma mai nadi mai laushi, wanda Dyson ya shahara da shi, wasu kamfanoni ma suna yi. A kan tayil babu kamarsa wajen kwashe lallausar ƙura, a kan kafet kuwa ba ya tsinana komai. Duk wanda kuka ɗauka mai juyawa, ku tabbatar ana iya zare burushin cikin sauƙi, don gashin kitso da zare za su nannaɗe shi, dole a riƙa yanke su da almakashi.

To, mu koma kan wat. Lambar tana faɗin wutar da injin ke ci ne, ba ƙarfin zuƙarsa ba. Tarayyar Turai ta hana sayar da sabon injin gida da ya haura wat 1,600 tun daga Satumban 2014, ta sake rage iyakar zuwa 900 a Satumban 2017, kuma kafet ɗin Turawa bai daina fita ba. Henry, ɗan jan injin nan mai fuskar murmushi da kamfanin Numatic ke ƙerawa a Ingila, wat 620 yake ci, amma shi ake gani a hannun masu sharar ofisoshi da otal-otal a can. A wajenmu maganar ta fi haka nauyi. Inji mai wat 2,000 ba zai tashi da ƙaramin janaretan da ƙarfinsa bai kai 1,000 ba, idan kuma inbata da sola ake amfani da su zai sha batir nan da nan. Ku tuna kuma mota tana fizgar wuta fiye da lambarta a daidai lokacin kunnawa.

Cikin nau'o'in da ke kasuwa, wanda na fi ba wa gida mai daɓe gauraye shawara shi ne mai ganga, wanda ake ja a kan tayoyi da dogon tiyo. Nauyin yana ƙasa, hannu yana riƙe da sanda kawai. Yana shiga ƙarƙashin gado da kujera, a sauya masa baki a bi labule, kushin, ragar taga da katifa. Yawancinsu suna da abin rage ƙarfin zuƙa, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne, domin inji mai ƙarfi yana manne wa leda da sallaya da ƙaramar darduma ya ɗago su sama. Miele na Jamus shi ne kan gaba a wannan layi, kuɗinsa ma haka. Manyan gangunan Panasonic da Hitachi sun fi sauƙin kuɗi, cikinsu yana ɗaukar shara da yawa, sai dai ƙara da cin wuta. Aibin mai ganga a fili yake: waya, sauya soket daga ɗaki zuwa ɗaki, da jan abu a bayanka yana karo da ƙafar tebur.

Mai tsaye, wanda ake turawa gaba ɗayansa, don gidan da kafet ya mamaye aka yi shi. Idan kafet ɗinku bai wuce ɗaki ɗaya ba, ku wuce shi. Idan kuma shi kuke so, kada ku karɓi wanda burushinsa ba ya kashewa.

Mai batir marar waya shi ne ke ɗaukar ido, kuma yana da hujja mai ƙarfi a inda wuta ba ta zama: a yi caji lokacin da aka kawo, a yi shara lokacin da aka ga dama. Yaro ya zubar da garin biskit, a ɗauko, minti biyu an gama. Amma ku karanta lokacin da aka rubuta da idon basira. Dyson V8, alal misali, an ce yana kai minti 40, wannan a ƙaramin gudu ne. A ƙarfinsa na ƙarshe, wanda kafet mai yashi ke bukata, kusan minti 7 ne, cajinsa kuma ya kai awa 5. Mazubinsa rabin lita ne da 'yan kai, falo ɗaya a hunturu ya isa ya cika shi. Zafi kuma maƙiyin batirin litiyam ne, ga shi muna da watannin bazara. Idan za ku saya, ku nemi wanda ake zare batirinsa, ku kuma tambayi kuɗin sabon batir kafin ku biya na injin. Ga ƙaramin gida mai tayil da darduma ɗaya ko biyu ya isa. Ga babban gida mai iyali, mataimaki ne kawai.

Mai sarrafa kansa, faifan nan da ke yawo shi kaɗai, wanda samfurin Roomba da ya fito a 2002 ya sa ya shahara, yana son fili shimfiɗaɗɗe marar tarkace. Dokin ƙofar da ya haura santimita 2 yakan tsayar da yawancinsu, gezar darduma da wayar caja suna sarƙe shi, baƙin kafet kuma wani lokaci yakan sa ya zaci rami ne ya ja da baya. Gidan da ake zama a ƙasa, ga tabarma, ga tire, ga takalman yara, sai an yi masa shara kafin ya yi shara.

Sai mai shan ruwa da ƙura duka, irin Kärcher WD 3 mai gangar lita 17. Ba ya tsoron yashi, tsakuwa ko ruwan da ya malale a kicin, yana kuma hura iska idan an juya tiyon. Ga baranda, gareji da mota babu na biyunsa, amma bakin da yake zuwa da shi ba ya kyautata wa kafet. A kula, shi kaɗai ne aka yarda ya sha ruwa. Sauran duk, ruwa ya shiga mota an gama. Toka ma, ko ta huce tana toshe matata nan take, mai sauran garwashi kuwa gobara ce.

Akwai abin da masu rubuta bayani a ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne rabin aikin: hazon hunturu. Daga Nuwamba zuwa Maris iska tana kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na Chadi, laushinta kamar hoda. Injin da matatarsa ba ta da kyau zai zuƙe ta ta gaba ya feso ta ta baya, a gama shara ɗaki ya turnuƙe. Matatar HEPA ta gaskiya tana tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin da girmansu ya kai maikiron 0.3 (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), amma sai idan jikin injin a rufe yake ruf, iska ba ta sulalewa ta gefe. Gidan da ke da mai asma ko mai yawan atishawa, wannan ya fi sunan kamfani muhimmanci.

Nan ne kuma zancen jaka ke shigowa. Mai jaka ya fi tsafta, ta cika a cire a yar, ba a shaƙi komai ba. Amma jakar ta zama abin saye har abada, kuma idan babu irinta a garinku, injin ya zama kayan ado. Marar jaka ba ya cin kuɗi, sai dai juye shi yana tayar da ƙura, don haka a waje ake yi, a juya wa iska baya. Matatarsa tana son wanki a kai a kai, kuma sai ta bushe ƙayau, aƙalla awa 24, kafin a mayar. Wasu gangunan suna zuwa da jakar yadi da ake kaɗewa a mayar, wadda ta raba gardama ga mai nisa da manyan shaguna.

Ga masu neman na kwatano, akwai kaya masu kyau a araha, amma a fara da ɗan allon da ke ƙasan injin. Wanda ya fito daga Amurka ko Kanada na bolt 120 ne, wutarmu kuwa 220 zuwa 230, a soka shi kai tsaye sai hayaƙi. Taransifomar da za ta ɗauki nauyinsa tana iya cinye rangwamen da aka samu. Na Ingila da Turai sun dace da wutar, bambancin filogi ne kawai. A sa mai kaya ya kunna shi na 'yan mintuna, a saurari motar, a sansana ko akwai ƙauri, a miƙe tiyon a nemi tsaga. Idan da hali ku tafi da ɗan yashi a leda, ku zuba a kan siminti da kan guntun kafet, ku gwada bakin a kan kowanne kafin a fara ciniki.