Kafin Ka Biya Kuɗin Sabar da Za Ta Ɗauki Tsohuwar Windows

Ba don sha'awa ake ɗora Windows Server 2003 ko 2008 a yau ba. Yawanci akwai wata manhajar lissafin kuɗi, ko ta rajistar marasa lafiya, wadda masu ita suka daɗe da rufe shago, ita kuma ta ƙi tashi a kan sabon tsari, wato sabuwar Windows. Sai a ce a nemo sabar. Mai saye ya tambayi RAM, ya tambayi firosesa, ya biya. Sai an zo wurin zaɓen faifan da za a ɗora Windows, allo ya ce babu faifai ko ɗaya, alhali ga fitilunsu nan suna ci a gaban akwati.

Faifan lafiyarsu ƙalau. A sabar, ta hannun katin RAID, wato katin da ke haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, suke magana da Windows, kuma Windows ɗin da ta girmi katin ba ta da direbansa, 'yar manhajar da ke sa ta gane shi. Saboda haka katin shi ne abin tambaya na farko, kafin ma a zo kan farashi.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi sabar da ta yi zamani da tsarin. Dell PowerEdge R710 da HP ProLiant DL380 G7 suna da yawa a hannun masu sayar da kayan gwanjo, kuma direbobinsu na 2003 da 2008 sun wanzu. Amma ko a cikin R710 ɗin akwai bambanci. Wata tana zuwa da katin PERC 6/i, wanda ba ya ganin abin da ya haura terabait 2 a faifai guda. Ka saka masa na terabait 4, kusan rabin kuɗinka ya tafi a banza. Wata kuma tana zuwa da H700, wanda ba shi da wannan iyaka. Idan kuɗin ya kusa, H700 za ka ɗauka. A ɓangaren HP, katin P410 da ba a saka masa ma'ajiyar wucin gadi ba RAID 0 da 1 da 10 kawai yake yi, ba ya yin RAID 5, kuma mai shago ba lallai ya faɗa maka ba.

A buɗe murfin a duba batirin katin. Wannan ɗan batiri shi ke riƙe bayanan da ba su kai ga faifai ba idan wuta ta ɗauke, kuma mu da NEPA an san yadda ake ciki. Idan ya kumbura ko ya mutu, katin kan daina tara rubutu a ma'ajiyarsa, sabar ta koma tafiyar hawainiya, a yi ta zagin manhaja alhali ba laifinta ba ne. Katunan HP masu alamar FBWC sun fi kwanciyar hankali, domin kafasita suke amfani da ita maimakon batiri.

Abin da zan ce a guje masa shi ne RAID ɗin da ke manne a jikin babban allon cikin sabar (motherboard), irin su PERC S110 na Dell da B120i na HP. A takarda RAID ne, amma direba ce ke yin dukkan aikin da ƙarfin firosesa. Idan babu direbar tsarinka, babu RAID. Masu Linux sun fi kowa shan wahalar B120i, saboda direbarsa, hpvsa, a rufe take, kuma ɗaure take da takamaiman kanel, wato zuciyar tsarin Linux. Ka sabunta tsari, sabar ta ƙi tashi. Wanda ya riga ya saya, ya shiga BIOS ya mayar da shi AHCI, wato yanayin da babu RAID, Windows 2008 za ta ga faifan ɗaya-ɗaya, sai ya haɗa su daga cikin tsarin.

Akwai kuma katunan da ake cire wa RAID gaba ɗaya su miƙa faifai kai tsaye, kamar H200 da H310 masu ƙwaƙwalwar LSI SAS2008. Ga mai Linux da ZFS, tsarin ajiya da ke haɗa faifai da kansa, sun yi. Ga mai tsohuwar Windows ba su ƙara komai ba.

Samun direba daban, shigar da ita daban. Daga 2008 zuwa sama abin da sauƙi: ka zuba direbar a filashi, ka danna Load driver, ka nuna mata wurin. Sai dai 2008 R2 ba ta san USB 3.0 ba, don haka a sabuwar sabar filashin da kibod ɗin ma suna iya ɓacewa, kuma ba ta san faifan NVMe ba sai da gyara na musamman. Ita kuwa 2003 tsohuwa ce mai taurin kai: sai ka danna F6 a farkon girki, wato ɗora Windows ɗin, kuma daga fulofi kaɗai take karɓar direba. Wa ke da fulofi yanzu? Ko dai ka yi amfani da fulofin bogi na iDRAC (Dell) ko iLO (HP), hanyoyin sarrafa sabar daga nesa, wanda ke buƙatar nau'in Enterprise ko lasisin Advanced (a tambayi mai shago ko sabar na da shi), ko ka cusa direbar cikin faifan girkin da manhajar nLite ka ƙona sabo. Idan aka saka direbar da ba ita ba, girki na iya tafiya har rabi, sannan allo ya yi shuɗi da lambar 0x0000007B.

Duk wannan ya sa a mafi yawan lokuta nake cewa kada ma a ɗora tsohon tsarin a kan ƙarfen kai tsaye. A sayi sabar da ta fi sabunta, ko Dell R720 ko R730, a ɗora mata manhajar Proxmox ko Hyper-V, a ƙirƙiri kwamfuta a cikin kwamfuta. Nan za ka nuna wa Windows 2003 faifan IDE na bogi da ta sani tun tana yarinya, babu F6, babu fulofi. Ranar da sabar ta ƙone, fayil ɗin za ka kwafa zuwa wata. Wanda ya ɗora kai tsaye kuwa, ranar da katinsa ya mutu sai ya fita neman irinsa kafin ya sake ganin bayanansa. Kuma tunda Microsoft ta daina gyara 2003 a Yulin 2015, 2008 kuma a Janairun 2020, dole a killace su daga intanet, killacewar kuma ta fi sauƙi a wannan tsari.

Inda wannan shawara ke faɗuwa shi ne idan manhajar na ɗaure da wani kati da ake sokawa a jikin kwamfuta, ko makullin lasisi na tsohon ramin firinta. Na USB ana iya miƙa shi ga kwamfutar da aka ƙirƙira, amma a gwada kafin a amince. Idan ya ƙi, a koma kan R710 ko G7, kuma a sayi katin RAID biyu iri ɗaya, ɗaya a ajiye.

Ranar zuwa shago, ka tafi da faifan girkinka da direbar a aljihu. Ka sa a kunna sabar a gabanka, ka karanta sunan katin da idonka lokacin da take tashi, a Dell ka danna Ctrl da R, a HP ka danna F8, ka ga lafiyar faifai da batiri. Sannan ka bi girkin har allon zaɓen faifai. Idan faifan ya bayyana, a yi ciniki.