Na saurari Toni Morrison tana karanta Beloved da bakinta

Tun da likita ya hana ni karatun dare saboda ciwon ido, 'yata ta saya min littafin saurare a waya: Beloved, wanda ita kanta marubuciyar, Toni Morrison, ta karanta. Kusan awa 12 ne. Mako uku na yi ina bin sa kaɗan-kaɗan bayan sallar isha'i.

Muryar kaɗai ta biya kuɗin. Ƙasa-ƙasa take, da ɗan dishi-dishi, babu gaggawa, kamar tsohuwar da ta zaunar da jikoki za ta fasa musu abin da ta daɗe tana haɗiyewa. Inda ta ja numfashi, a nan za ka gane nauyin maganar.

Tushen labarin gaskiya ne. A 1856 wata baiwa, Margaret Garner, ta tsere daga jihar Kentucky ta Amurka ta haye kogin Ohio da ya daskare. Da masu kamun bayi suka ritsa ta, sai ta kashe 'yarta don kada a mayar da ita bauta. Morrison ta ci karo da labarin a tsohuwar jarida lokacin tana aikin edita, ta gina Sethe, tauraruwar littafin, a kansa. Littafin ya fito a 1987, ya ci kyautar Pulitzer a 1988, a 1993 kuma ta zama baƙar mace ta farko da ta karɓi Nobel ta adabi. Duk na san wannan, amma ranar da muryar ta kai wurin rumfar da Sethe ta kashe 'yarta a ciki ina tsintar wake, faranti a cinyata. Hannuna ya tsaya cak. Na kashe wayar, na leƙa ɗakin jikata na tsaya ina kallonta tana barci.

Akwai wahala fa. Labarin yana tsalle tsakanin jiya da yau ba sallama. A takarda sai ka koma baya ka duba, a kunne kuwa ka ɓata kawai. Sau biyu na sake babi guda daga farko. In maƙwabci ya tada janareto, sai da abin saurare na kunne. Wanda Turancinsa bai nuna ba, ya riƙe littafin na takarda kusa da shi yana dubawa.

Na ce wa 'yata ta nemo min The Bluest Eye, littafinta na farko na 1970, wanda ta rubuta tana renon 'ya'ya maza biyu ita kaɗai.