Fitilar rana a Jamus da a Farin Gada

Gaisuwa ga maigida da sauran 'yan uwa masu rewaya na Farin Gada da Dilimi. Ya aiki, ya sanyin Jos? Kun nemi bayani a kan fararen fitilun nan da ke ci da rana a gaban mota, waɗanda samari ke kawo muku ku ɗaura. To ga yadda abin yake a nan Jamus.

A nan ba ado ba ne, doka ce. Tun 7 ga Fabrairun 2011 Tarayyar Turai ta wajabta wa kowane sabon samfurin ƙaramar mota fitowa da fitilar rana, manyan motoci da bas suka biyo baya a 2012. Suwidin ma tun 1977 ake kunna wuta da rana a can. Mai tsohuwar mota yana iya sayen nasa ya ƙara, amma da sharaɗi. Dole fitilar ta zama fara, guda biyu, a jikin gilashinta kuma a ga harafin E cikin da'ira da haruffan RL. Ƙarfin haskenta tsakanin kandela 400 ne zuwa 1200. Kada ta yi ƙasa da santimita 25 daga ƙasa, kada ta haura 150, tsakanin ta hagu da ta dama kuma a bar aƙalla santimita 60. Babban sharaɗin shi ne ta kama da kanta idan an tayar da mota, ta kuma mutu ko ta rage haske da zarar an kunna fitilar dare. Motar da ta saɓa wa wannan tana iya faɗuwa a gwajin lafiyar mota da ake yi duk shekara biyu.

Kayan Philips, Osram ko Hella suna zuwa da komai a kwali ɗaya: fitilu masu bayan alminiyam don fitar da zafi, ƙarafan ɗaurawa, wayoyi da fis ɗinsu, da wani ɗan akwati mai sarrafa wutar. Akwai garanti na shekara biyu bisa doka, wanda ya saya ta intanet kuma yana da kwana 14 ya mayar. Abin da ya fi yawa a kasuwanninmu na gida shi ne tsirin roba mai gam a baya da siraran wayoyi biyu, ba fis, ba komai. Ana sayar da irinsa a nan ma ta intanet, har da hatimin E na jabu, don haka kada a ɗauka duk abin da ya fito daga Turai nagari ne. Na gaske an zubo hatiminsa ne a jikin gilashin, ba sitika aka manna ba.

Ta fuskar aikin hannu kuwa ku ne a gaba, nesa ba kusa ba. Awa guda a babban gareji a nan tana iya haura Yuro 100, sai ka kama layi na kwanaki, kuma da yawansu ba sa bin waya su gano inda ta tsinke, sai dai su canza kayan ɗungurungum. Inda suka fi mu shi ne ba sa haɗa komai babu fis, kuma ba sa murɗa waya su naɗe da salatif.

Ɗan akwatin da na ambata wayoyi uku ne ke da aiki a jikinsa: ja zuwa kan batir, baƙa zuwa jikin mota, ta ukun zuwa wayar ƙaramar fitilar fakin. Wasu akwatunan suna gane an tayar da mota ne ta hauhawar wutar batir, daga bolt 12 da ɗoriya zuwa sama da 13 idan altaneta ta fara caji. Matsalar ita ce sababbin motoci suna rage caji a kan hanya don tsimin mai, sai ka ga fitila tana ɗaukewa tana dawowa, mai mota ya ce kun ɓata masa aiki. Haka motar da altanetarta ta gaji, waɗanda ba su da wuyar samu a gida.

Shi ya sa a ganina rile, wato ɗan makunnin da wuta ke sarrafawa, mai ƙafa biyar kowacce da lambarta, ya fi dacewa da motocinmu, ga arha ga sauƙin samu a Dilimi. Bayan an gama gwajin fis da wayoyi da mita, a cire kan batir na negatif kafin a fara haɗi. A akwatin fis, a nemo wanda ke samun wuta idan makulli yana kan ON kaɗai, kamar na waifa. Kada a ɗauka daga na rediyo, domin mutum zai zauna yana jin labarai fitila tana cinye masa batir. Na iyabag, na birkin ABS da na ƙwaƙwalwar mota kuwa ko kusa da su kada a je; daga kwayil ma kada a ja. Daga nan a fito da waya mai kaurin sukwaya milimita 0.75 zuwa 1, a sa fis na amfiya 3 zuwa 5 dab da inda aka ɗauko wutar, a kai ƙafar rile ta 30. Fitilun biyu tare da wuya su ja fiye da amfiya 2, saboda haka fis na 20 ko 30 ba ya kare komai, waya za ta narke yana nan lafiya lau. Ƙafa ta 87a ita ke zuwa fitilun. Ta 86 a haɗa ta da wayar wutar fitilar fakin, ta 85 kuma jikin mota. Ta 87 a bar ta, amma a rufe ta da kyau, don tana ɗaukar wuta da dare. Da an murɗa fitilar dare rile zai ja, fitilar rana ta mutu.

Dalilin zaɓar wayar fakin maimakon ta babbar fitila shi ne yawancin tsofaffin Toyota ta ɓangaren negatif suke kunna babbar fitila, sai ka tarar da wuta a wayar ko a kashe take. A gwada da mita tukuna. A motocin Jamus na baya-bayan nan kuma kwamfuta tana aika ɗan bugun wuta don duba ƙwan fitila, rile ya riƙa ƙaraƙas, ko gargaɗi ya fito a dashbod. Irin waɗannan sai akwatin da aka yi dominsu. Golf 3 da Sharan na haya ba ruwansu da wannan.

Baƙar waya a kan ƙarfe tsirara za a ɗaure ta, a kankare fenti da tsatsa, ba a kan sukurun bamfa ba. Kowane haɗi a matse shi da kan waya ko a yi masa dalma, a sa robar nan mai tsukewa da zafi. Salatif yana sakin gam a zafin inji, ruwan Agusta na Jos ya shiga, bayan 'yan watanni waya ta yi kore, fitila ɗaya ta dushe. Wayoyin su bi cikin tiyo, nesa da fanka da salansa, a ɗaure su duk bayan taƙi guda.

Kafin ma a sayi komai a duba motar. Wadda ta fito daga Kanada tana da nata tun daga kamfani, domin can an wajabta tun Disamban 1989, kuma Corolla da Camry da yawa na Amurka suna da ita a jikin babbar fitila, wani lokaci a makunni kawai aka kashe.

Ku kuma gaya wa direbobi cewa fitilar rana ba ta kunna jar wutar baya. Mai gangara Hawan Kibo da magariba ko cikin hazo yana ganin haske a gabansa ya ɗauka ya kunna wuta, alhali tirelar da ke binsa ba ta ganin komai. Kanada sai da ta sake doka a 2021 saboda wannan. Idan kun gama ɗaurawa, ku tsayar da mai motar a bayanta ya gani da idonsa kafin ya karɓi makulli.