Tabarmar da ta cinye min kuɗin hutu

Yaya, ka tambaye ni abin da ya cinye min kuɗi a hutun bana. Tabarma ce. Yi dariyarka, sannan ka saurara.

Jamusawa suna da al'adar ɗaura tanti a bayan keke su bi bakin kogi kwana da kwanaki. Wani abokin aikina ya ja ni muka bi hanyar keke ta kogin Elbe, daga Dresden zuwa Magdeburg. Daren farko bargo kawai na shimfiɗa, ina taƙamar wanda ya tashi a kan tabarmar kaba ba ya tsoron ƙasa. Kafin asuba na gane kurena. Ƙasar gida in ta sha rana, ɗumi take ba ka da dare. Ta nan Jamus kuwa tsotse ɗumin jikinka take yi, ko a watan Yuni.

Gari na wayewa na nemi shagon kayan zango. Babu "nawa za ka bari", babu "albarka". Kowace tabarma da takardarta: ga nauyi, ga wata lamba da suke kira R, ma'aunin yadda take tare sanyin ƙasa. Iya girman lambar, iya ɗumin. Akwai ta soso mai ninkewa, irin Z Lite ta kamfanin Therm-a-Rest, giram 410, lambarta 2. Ba ta hujewa, sai dai cin wuri, dole a ɗaure ta a kan kariyar keke. Akwai kuma ta iska da ake hurawa, wadda in ka naɗe ba ta fi gorar ruwa ba, lambarta ta haura 4, kuɗinta ya ninka na waccan sau uku ko fiye.

Abin da ya burge ni, mai shagon cewa ya yi in kwanta a kai. Na miƙe a tsakiyar shago da furfurata, ina juyi dama da hagu ko ƙuguna zai taɓa ƙasa, ba wanda ya ko ɗaga kai. Na ɗauki wata ta iska. Doka ta ba mai saye garantin shekara 2, amma na aibin da kaya ya zo da shi ne, ban da ɓarnar hannunka.

Dare na uku ƙaya ta huda ta, don ban share wurin ba kafin in kafa tanti. A nan na yi kewar mai faci na bakin layinmu, wanda zai tsoma ta a ruwa ya liƙe kafin ka gama shan shayi. Nan kowa shi ne mai facin kansa. Ƙarfe biyun dare ina banɗakin sansani da ruwan sabulu da fitilar waya, ina laluben inda kumfa ke tashi.

In za ka ba wani saƙo ya taho min da shi, a haɗo da yajin Inna. Ka gaishe ta da kyau.