Wata huɗu da 'yar ƙas-ƙas: abin da magena ta koya da asirin da ta tona mini

Abin bai kai kwalin ashana girma ba. Roba ce mai ɗan harshen ƙarfe a ciki, ka danna da babban yatsa ta ce ƙas, ka saki ta sake cewa ƙas. Ta horar da dabba ce, masu sayar da ita kilika suke kiranta, mu a gida 'yar ƙas-ƙas muke ce mata. A kwalin da na saya akwai ita, da sanda mai ɗan ƙwallo a baki, da katuna masu launi, da 'yar takardar bayani. Saboda magena Toka na saye ta, wadda ta mai da teburin aikina gadonta, in na ɗauke ta ta dawo, in na yi mata tsawa ta dube ni kamar ni ne baƙon. Yau wata huɗu ke nan ina amfani da ita. Na'urar ta yi aikinta, takardar ce ta raka ni rabin hanya ta juya.

Makon farko ba wuya. Ka danna, ka miƙa mata ɗan guntun nama nan take, ka maimaita. A kwana na uku ko tana ƙarƙashin kujera ta ji ƙas sai ta fito tana lasar baki. Wannan ba sabon abu ba ne, shi ne abin da Ivan Pavlov na Rasha ya gani ga karnukansa, masu dalalar da miyau da jin sautin da suka saba ji kafin abinci. Mutumin ma ba a kan wannan ya samu kyautar Nobel ba a 1904, a kan binciken narkewar abinci ne.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. A wannan makon Toka ta ɗauka duk wani ƙas na duniya nata ne. Na danna kan biro, ta taso. Na ɗauki abin yanke farce, ga ta a gabana. Makunnin fitila ma bai tsira ba. Takardar ba ta ce uffan a kan haka ba, har na fara zaton na lalata aikin. Ashe haka koyo yake farawa: dabba takan fara da yi wa sautuka masu kama da juna kuɗin goro, sai daga baya ta tace. Ban yi wata dabara ba, illa dai ƙarar biro ba ta taɓa zuwa da nama ba, ta na'urar kuwa ba ta taɓa zuwa hannu wofi ba. Bayan kamar kwana goma sai na danna biro a gefen kunnenta, kunnen kawai ta karkaɗa ta ci gaba da barcinta. A ganina rabin karatun yana nan, wato dabba ta san lokacin da amsawa ba ta da riba. Wanda ya rubuta takardar lada kawai ya sani.

Sandar mai ƙwallo kuwa ba ni da ƙorafi a kanta. Da ita na koya wa Toka taɓa ƙwallon da hanci, da ita na janye ta daga tebur zuwa wata 'yar tabarma a gefe, aka wuce wurin.

Katunan ne suka ɓata mini rai. Takardar ta ce a fara da ja da kore: in ta taɓa ja a danna, in ta taɓa kore a yi shiru. Mako biyu muna abu ɗaya, an yi ba a yi ba. Mage da kare ba sa ganin launi yadda mutum yake gani, ja da kore na cikin waɗanda suka fi rikice musu. Kamfanin da ke sayar da kayan horar da kare da mage, a ce bai san wannan ba? Na ajiye nasu, na yanko kwali biyu, baƙi da fari, baƙin ne mai lada.

Nan da nan abu ya yi kyau, har ya yi kyau fiye da kima. Toka ba ta kuskure. Na kira ƙanwata ta zo ta ga abin mamaki. Ta zauna ta yi kallo shiru, can ta ce, "Yaya, ba katin take kallo ba fa, hannunka take kallo." Na musa. Ta ɗauki bidiyo da wayarta ta nuna mini. Duk hannun da ke riƙe da baƙin katin nakan ɗan tura shi gaba, abin da bai fi faɗin yatsa biyu ba, ban kuma san ina yi ba. Muka jingina katunan da bango, na koma bayan Toka na tsaya. Sai ga ta tana taɓa wannan tana taɓa wancan kamar ba ta taɓa ganinsu ba. Jikina ya yi sanyi, amma na samu abokin kuka a tarihi. A Balin ta Jamus an yi wani doki mai suna Hans da ake cewa ya iya lissafi, yana buga ƙafa har ya kai adadin amsar. A 1907 wani mai bincike, Oskar Pfungst, ya nuna cewa dokin ɗan motsin kai da na jikin mai tambaya yake karantawa, in mai tambayar bai san amsar ba ko dokin ba ya ganinsa, lissafi ya rushe. Dokin ya iya bambancewa ƙwarai, sai dai ba abin da mai shi ke zaton ya koya masa ba. Haka Toka. Na'urar ba ta da hanyar gaya maka wanne daga cikin abubuwan da ke gaban dabba ta ɗauka alama, kai ne za ka yi ta canja wuri, canja hannu, canja ɗaki, har sai katin kaɗai ya rage.

Da muka gyara wannan sai zalama ta kama ni. Na zana da'ira a kati ɗaya, siffar ƙwai a ɗayan. Da ƙwan yana da tsawo sosai ta gane cikin 'yan kwanaki. Sai na riƙa kumbura shi yana kusantar da'ira, na tsallake mataki biyu a zama ɗaya. Ranar nan ta taɓa, shiru, ta sake taɓawa, shiru. Wutsiya ta fara bugun ƙasa. Ta kai wa katin cizo, ta juya mini baya ta hau lasar ƙafa, kwana biyu ko ta ga na ɗauko kwalin sai ta bar ɗakin. An taɓa yin kusan irin wannan a ɗakin binciken Pavlov. Wata mai bincike, Shenger-Krestovnikova, ta koya wa kare cewa da'ira na zuwa da abinci, siffar ƙwai ba ta zuwa da komai, tana rage bambancin har tsawo da faɗi suka kai 9 da 8. Karen da a da yake tsayawa lafiya ya koma kuka da fizge-fizge yana yayyaga kayan gwajin, har bambancin da ya iya a baya ya ɓace masa. Da takardar ta yi gargaɗi ko da layi ɗaya ne, da ban kai Toka bakin wannan ramin ba.

Abin da ya fisshe ni dabarar Herbert Terrace ce ta 1963, wanda ya yi aiki da tattabaru a Amurka. Maimakon ya bar tsuntsu ya yi ta caccakar abin da ba shi ne ba yana shan haushi, sai ya shigo da shi a dushe, na ɗan lokaci kaɗan, yana ƙara masa haske da tsawon lokaci sannu a hankali, har tattabarun suka koya kusan ba kuskure. Na kwaikwaya: katin ƙwai ƙarami, can nesa, da'ira babba a gabanta. Kullum in matso da shi kaɗan, zama kuma ba ya wuce minti uku. Ta dawo.

Na daina raina wannan ɗan ƙarfe tun da na san da irinsa ƙungiyar APOPO ke horar da gafiyoyi a Morogoro ta Tanzaniya, su shinshino nakiyar da aka binne ko cutar tarin fuka a majinar ƙirji, su ji ƙas su karɓi ladansu. Amfaninsa ɗaya ne: sautin gajere ne, ba ya canjawa, yana faɗowa daidai lokacin da hanci ya taɓa. Muryata kuwa yau da fara'a, gobe da gajiya, kafin in gama cewa "yawwa" ta riga ta yi wani motsin daban. Ko da na'urar ma, in na makara da daƙiƙa ɗaya, juyowarta na saka wa ba taɓawar ba.

Ta fuskar ƙira akwai gyara. Ƙarar ta yi wa kunnen mage yawa, ranar farko sai da ta zabura, dole na riƙa dannawa daga cikin aljihu. Igiyar ratayawa a hannu ta tsinke a wata na biyu. Harshen ƙarfen dai har yau bai gaza ba. Mai haƙurin zama na minti uku kullum ya saya, amma ya nemi bayani a wani wuri, ya kuma samu wanda zai riƙa kallon hannunsa. Mai neman abin da zai hana mage ɓarna cikin kwana biyu ya bar kuɗinsa.

Toka yanzu tana da kuka iri biyu, gajere a bakin ƙofa da dogo a gindin tabarmarta. Ban san ranar da na fara rarrabe su ba. Jiya da dare na ji dogon, sai na tsinci kaina a tsaye, 'yar ƙas-ƙas a hannu, ban ma rufe kwamfutar ba.