Lita da kilo: ba a cuce ki ba, Hajiya

Hajiya, kin ce kin sari jarkar man gyaɗa mai lita 25, kika ɗora a sikeli, bayan cire nauyin jarkar sai kika ga kilo 23 ma da kyar, kina tambaya ko an yi miki ƙwange. Ba a yi ba. Lita da kilo ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Lita tana auna wurin da abu ya cike. Kilo kuma yana auna yawan abin da ke cikin wurin. Mai haɗa su shi ne yadda abu ya danƙaru, wato kilo nawa ke shiga lita guda. Ki ninka wannan da yawan lita, kilo zai fito.

A ruwa ne suke tafiya kai ɗaya: lita 1, kilo 1, don tun asali da ruwa aka tsara kilo a Faransa a 1795. Shi ya sa muke ɗauka kowane abu haka yake. Man gyaɗa kuwa litarsa wajen gram 910 ce, 25 ɗinki ke nan kilo 22 da ɗigo 75. Jarkar nan dai, in fetur aka cika ta ba za ta wuce kilo 18 zuwa 19 ba, dizal wajen 21. Zuma ce mai karya baya, kilo 35, domin litarta ta kai kilo 1.4.

Kada kauri ya ruɗe ki. Man gyaɗa ya fi ruwa kauri, yana zuba a hankali, amma ki duba tukunyar miya: shi ne a sama yana yawo. Da ya fi ruwa danƙaruwa da ƙasa zai kwanta.

To, wanne ya fi amana? Ni dai kilo. Lita tana motsi da zafi. Fetur yana kumbura da kusan kashi 1 cikin 100 idan zafi ya ƙaru da digiri 10, lita ta ƙaru, man bai ƙaru ba ko ɗigo. Saboda haka ne matuƙan jirgin sama suke lissafin mansu da nauyi, gas ɗin girki ma da kilo ake sayar da shi, 12.5 a babbar tukunya. Amfanin lita sauƙi ne kawai: kwalba ko jarka ta ishe ki, ba sai kin nemi sikeli ba.

In kuma zuma kike saye, haɗa biyun. Lita ɗaya ta yi ƙasa da kilo 1.4 sosai, an sirka da ruwa. Sai dai mai dafa sukari ya yi kauri yana iya kai wannan nauyin, sikeli ba zai kama shi ba.