Hodar Fe-N-C ta Pajarito Powder: arha a madadin filatinam, amma da sharaɗi

Kamfanin Pajarito Powder da ke Albuquerque a Amurka yana sayar da wannan baƙar hoda ta kabon mai ɗauke da ƙarfe da naitirojin, wadda ke hanzarta aikin iskar oksijin a batirin haidirojin (fuel cell, na'urar da ke samar da lantarki daga haidirojin da oksijin) ba tare da filatinam ba. A ruwan alkali kamar 0.1 M KOH (ruwan sinadarin potassium hydroxide) tana gogayya da filatinam sosai. A cikin asid kuwa tana baya.

Wajen gwaji a faifai mai juyawa (RDE, na'urar auna ƙarfin aikin hodar), a shafa kimanin 0.6 mg/cm² na hodar, a dama hodar ta zama tawada da Nafion (sinadarin da ke riƙe ta) da isofurofanol, kwalbar na zaune cikin ruwan ƙanƙara, a kuma yi amfani da sandar girafait a ɗaya ɓangaren na'urar maimakon wayar filatinam, domin wayar tana narkewa ta gurɓata sakamako.

Matsalar, wadda duk hodojin Fe-N-C ke da ita, tana bayyana a cikin batirin. Ana buƙatar 3 zuwa 4 mg/cm², shimfiɗar ta yi kaurin kusan maikuromita 100, ruwa ya taru ya toshe hanyar iska. Ƙarfen kuma yana zubewa, ya haɗu da H₂O₂ (hydrogen peroxide da ke samuwa a cikin batirin) ya ci kabon da fatar tsakiya mai raba ɓangarorin batirin biyu. Ta dace da ɗakin bincike. Mota kam, da saura.